Yadda Ake Gyara Matsalar Girma da Fatishan a Babban Faifan Ajiya na Kwamfuta

Mutum zai sayi faifan ajiya mai 4 TB, ya haɗa da kwamfuta, sai ya ga 2 TB kaɗai take nuna masa, ko 1678 GB, ko kuma ta ƙi nuna komai. Nan take hankali ya tashi, hannu ya nufi wajen yin fomatin. A nan ne akasarin asarar bayanai ke faruwa, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake fara koya wa duk wanda ya zo koyo shi ne ya karanta adadin da kwamfuta ta nuna kafin ya taɓa komai, domin kusan kowace matsala tana da nata adadin da ake gane ta da shi. Idan ka san adadin, ka san inda za ka nufa.

Kayan da za ka tanada

Na farko, wani wurin ajiya dabam da zai iya ɗaukar duk abin da ke cikin faifan da za ka yi wa aiki. Idan faifan sabo ne fil babu komai a ciki, ka huta da wannan. Sauran kayan su ne:

- Kebul ɗin SATA mai kyau, wato wayar da ke haɗa faifai da babban allon kwamfuta, da kwamfutar tebur da za ka iya haɗa faifan kai tsaye a cikinta. Idan laftof kaɗai gare ka, nemi akwatin USB na zamani. Faifai mai inci 3.5 yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda USB ba ya bayarwa, don haka dole akwatin ya zo da nasa adaftar wuta.
- Filashi mai 8 GB ko fiye, da manhajar Rufus, don ɗora masa GParted Live ko Ubuntu, wato Linux ɗin da kwamfuta ke iya tashi da shi daga filashi, idan aikin ya kai ga haka.
- Manhajoji uku na kyauta: CrystalDiskInfo, TestDisk da H2testw.
- Biro da takarda, ko kyamarar wayarka. Ɗauki hoton yadda faifan yake kafin kowane canji.
- Wuta tsayayya. Ko UPS, ko laftof mai cikakken caji. Ɗaukewar wuta a tsakiyar matsar da fatishan kan lalata bayanai.

Mataki na 1: Karanta adadin, ka yi lissafi

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Shafin Disk Management zai buɗe. Kada ka dogara da abin da File Explorer ke nunawa, don shi fatishan kawai yake nuna maka, wato yankunan da aka rarraba faifan zuwa gare su, kamar C da D, ba faifan gaba ɗaya ba. Duba ƙasa ta hagu inda aka rubuta Disk 0, Disk 1 da sauransu, ka rubuta girman da ke ƙarƙashin faifanka. Idan wani ƙaramin shafi ya fito yana neman ka yi "Initialize Disk" ko "Format", kuma ka san akwai bayanai a faifan, danna Cancel.

Kamfanonin da ke ƙera faifai suna lissafin 1 TB a matsayin bayit 1,000,000,000,000. Windows kuwa tana rarrabawa da 1024 a kowane hawa, ba da 1000 ba. Saboda haka faifan 500 GB zai fito 465 GB, na 1 TB ya fito 931 GB, na 2 TB ya fito 1863 GB, na 3 TB ya fito 2794 GB, na 4 TB ya fito 3726 GB, na 8 TB kuma 7452 GB. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka adadin TB da aka rubuta a jikin faifan da 931. Idan abin da ka samu ya yi kusa da abin da Windows ta nuna, babu abin da ya ɓace, kuma babu manhajar da za ta ƙaro maka ko bayit ɗaya. Kwamfutocin Mac tun daga shekarar 2009 suna lissafi irin na kamfanonin, shi ya sa faifai ɗaya kan nuna 4 TB a Mac, ya nuna 3.63 TB a Windows.

Idan adadin bai yi daidai ba, kwatanta da waɗannan. Faifan ya nuna cikakken girmansa amma ya rabu gida biyu, 2048 GB da wani saura mai baƙin layi da ya ƙi taɓuwa: matsalar MBR ce, mataki na 4. Faifan gaba ɗayansa ya koma 746 GB, ko 1678 GB, ko 128 GB: matsalar haɗi ce ko direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da na'urar, mataki na 3. Akwai fili kusa da fatishan amma "Extend Volume" ya ƙi dannuwa: mataki na 6. An rubuta RAW ko "GPT Protective Partition": tsallaka zuwa mataki na 8, kada ka taɓa komai kafin nan.

Mataki na 2: Duba lafiyar faifan, ka kwashe bayananka

Buɗe CrystalDiskInfo ka zaɓi faifan. Idan ta nuna "Good" da shuɗi, madalla. Idan "Caution" ce da rawaya, duba layuka uku: 05, C5 da C6. Su ne ke ƙirga sektoci, wato ƙananan gurabun ajiya na faifan, waɗanda suka lalace aka musanya su, da waɗanda ake shakkar su, da waɗanda suka ƙi karantuwa. Idan adadin da ke ƙarshen waɗannan layuka ba sifili ba ne, musamman idan yana ƙaruwa, faifan ya fara mutuwa. Irin wannan faifai ba a yi masa aikin fatishan. A kwashe abin da ke ciki tukuna, a fara da mafi muhimmanci. Idan kuwa kana jin yana ƙwas-ƙwas yana maimaitawa, kashe shi ka kai wa ƙwararrun masu ceto bayanai, domin duk kunnawar da ka ƙara yi tana ƙara ɓarna.

Ko da faifan lafiya lau yake, yi kwafi. Bayan ka gama, buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin ka tabbatar suna aiki, sannan ka zare faifan kwafin daga kwamfutar baki ɗaya. Wannan zarewar tana da dalili: umarnin da za mu yi amfani da su a gaba ba sa tambaya sau biyu, kuma faifan da ba a haɗe yake ba ba za a goge shi bisa kuskure ba.

Mataki na 3: Tabbatar kwamfutar tana ganin faifan gaba ɗaya

Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, galibi da maɓallin Del, F2 ko F10 a lokacin tashi. Nemo jerin faifan da aka haɗa ka duba girman da aka rubuta.

Idan faifan bai fito ba sam, fara da abu mafi sauƙi: canja kebul, canja ramin SATA, ka ɗora hannu a jikin faifan ka ji ko yana juyawa. Akwai wata matsala da ke rikita mutane a kan wasu manyan faifai na zamani, musamman waɗanda aka ƙera don sabobi ko aka ciro daga akwatin waje. Fil na uku a mahaɗin wutarsu an mayar da shi makashin wuta, to idan tsohon akwatin wutar kwamfuta ya aiko da bolt 3.3 ta wannan fil, faifan zai ɗauka an ce ya kwanta, ba zai tashi ba. Maganin shi ne a yi amfani da adaftar da ke juya tsohon mahaɗin wuta mai fil huɗu, wato Molex, zuwa SATA, don ita ba ta ɗauke da layin 3.3, ko a rufe fil na ukun da ɗan siririn tef mai jure zafi.

Idan faifan 3 TB ya fito 746 GB, ko na 4 TB ya fito 1678 GB, ko na 6 TB ya fito 1493 GB, to akwai wani abu a tsakanin faifan da Windows da ba ya iya ƙirgen da ya wuce 2048 GB. Kamar mitar tsohuwar mota ce da ke komawa sifili idan lambobinta sun cika: ya ƙirga 2048, ya koma farko, ya nuna maka ragowar kawai. Cire 2048 daga 2794 ka ga 746 ta fito. Mai laifin yakan zama tsohon akwatin USB, ko tsohon katin SATA ko RAID, ko tsohon direban SATA na Windows. Direban Intel Rapid Storage da ya gaza siga ta 10.1 yana da wannan iyaka. Gwada haɗa faifan kai tsaye da babban allon kwamfuta. Idan girman ya dawo, akwatin ne, sai a canja shi. Idan bai dawo ba, sabunta direban da BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Ina jan kunne sosai a nan. Kada ka rubuta komai a faifan da ke ɗauke da bayanai alhali yana nuna gurguntaccen girma, kada kuma ka bari Windows ta yi masa gyaran chkdsk, wato binciken gyaran faifai da takan nemi yi. Abin da ya kamata a rubuta can bayan 2048 GB zai iya faɗawa a farkon faifan, ya danne abin da ke wurin.

Adadin 128 GB, ko 137 GB a wani lissafin, na tsofaffin kwamfutoci ne na farkon shekarun 2000, masu ƙirgen sekta da bit 28. Windows XP ta fara wuce wannan iyaka ne daga Service Pack 1. Ba kasafai ake haɗuwa da ita yanzu ba sai a tsofaffin injinan masana'antu da makamantansu.

Mataki na 4: Gano ko faifan MBR ne ko GPT

A farkon kowane faifai akwai jadawalin da ke faɗin inda kowane fatishan ya fara da inda ya ƙare. Iri biyu ne. MBR ya fito tun 1983, yana rubuta lambar sekta da bit 32, kowace sekta kuma bayit 512 ce. Idan ka ninka, iyakarsa 2048 GB ke nan, kimanin 2.2 TB a lissafin kamfanoni. Ba ya kuma ɗaukar fatishan irin na Primary fiye da huɗu. GPT yana amfani da bit 64, don haka babu faifan da ke kasuwa da ya kusa iyakarsa. Windows tana ba shi damar fatishan har 128, kuma yana ajiye kwafin jadawalinsa a ƙarshen faifai, abin da ke sauƙaƙa ceto idan farkon ya lalace.

Don dubawa, a Disk Management danna maɓallin dama na linzami a kan sunan faifan, wato inda aka rubuta Disk 1 ba kan fatishan ba, ka zaɓi Properties, sannan Volumes. Layin "Partition style" zai gaya maka. Duk faifan da ya haura 2 TB, GPT ne ya dace da shi. Ni ko ƙaramin faifai ne GPT nake ba shi, sai dai idan za a haɗa shi da na'urar da ba ta san GPT ba, kamar Windows XP mai bit 32, ko wasu tsofaffin talabijin da na'urorin naɗar hoton kyamarar tsaro.

Mataki na 5: Mayar da faifan GPT

Hanyar ta danganta da abin da ke cikin faifan.

Idan babu komai a ciki, ko ka riga ka kwashe, buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

diskpart
list disk
select disk 1
detail disk
clean
convert gpt
create partition primary
format fs=ntfs quick
assign

Lambar 1 misali ce kawai, sa lambar naka faifan. Kuskure mafi muni a duk wannan aiki shi ne zaɓar faifan da ba shi ba. Lambobin suna iya canjawa duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta ko aka soka filashi, saboda haka kada ka dogara da lambar da ka gani jiya. Bayan "select disk", umarnin "detail disk" zai nuna maka sunan faifan da fatishan ɗin da ke cikinsa. Karanta a tsanake, ka kwatanta da abin da ke rubuce a jikin faifan, sannan ka rubuta "clean". Shi "clean" ba ya neman tabbaci, cikin daƙiƙa ɗaya ya share jadawalin. Kada ka rubuta "clean all" sai da niyya, domin shi sifili yake bi yana rubutawa a kowace sekta, yana ɗaukar sa'o'i, kuma abin da ya bi ta kai ba ya dawowa.

Wanda ba ya son rubuta umarni zai iya goge duk fatishan ɗin a Disk Management, sannan ya danna dama a kan sunan faifan ya zaɓi "Convert to GPT Disk". Idan wannan zaɓi ya ƙi dannuwa, akwai sauran fatishan da ba a goge ba. A Mac kuwa, buɗe Disk Utility, zaɓi "Show All Devices", danna faifan kansa, sannan Erase, ka zaɓi "GUID Partition Map".

Idan faifan na ajiyar bayanai ne kuma ba ka son gogewa, tashi kwamfutar da filashin Linux. Rubuta lsblk don gane sunan faifan, misali sdb, sannan sudo gdisk /dev/sdb. Manhajar za ta sanar da kai ta ga MBR kuma za ta juya shi GPT a ƙwaƙwalwa. Danna p ka ga jerin fatishan. Idan sun yi daidai da hoton da ka ɗauka, danna w ka amince. Idan ka ga wani abu ba daidai ba, danna q ka fita, babu abin da zai canja. Wannan hanya ba ta taɓa fayiloli, jadawali kawai take sake rubutawa, amma duk da haka ba na yin ta ba tare da kwafi ba.

Idan kuwa faifan shi ne wanda Windows ke tashi daga kansa, aikin na mbr2gpt ne, wadda ke cikin Windows 10 tun siga ta 1703 ta shekarar 2017. Kafin komai ka tabbatar babban allonka yana da UEFI, wato sabon tsarin tashi da ya gaji tsohuwar BIOS, kuma Windows ɗinka mai bit 64 ce, in ba haka ba kwamfutar ba za ta sake tashi ba bayan juyawar. Idan BitLocker, wato makullin Windows mai sirranta faifai, na kunne, dakatar da shi, ka kuma ajiye mabuɗinsa a wani wuri. Sai ka rubuta:

mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS

Idan binciken ya wuce lafiya, sai:

mbr2gpt /convert /disk:0 /allowFullOS

Binciken yakan ƙi wucewa idan fatishan irin na Primary sun haura uku, ko akwai fatishan irin na Extended. Bayan juyawa, shiga BIOS ka canja yanayin tashi daga Legacy ko CSM zuwa UEFI. Mutane da yawa kan manta wannan, su ga baƙin allo su zaci Windows ta tafi, alhali saiti ɗaya ne ya rage. Idan kwamfutar tsohuwa ce marar UEFI, bar Windows a kan ƙaramin faifai mai MBR, ka sa babban a matsayin faifai na biyu mai GPT. Windows 7 zuwa sama suna karanta shi ba matsala.

Haka abin yake idan wajen ɗora sabuwar Windows ta ce ba za ta sauka a faifan ba saboda GPT ne, ko saboda MBR ne. Yanayin da filashin ya tashi da shi ne bai dace da jadawalin faifan ba. UEFI da GPT suke tafiya, Legacy da MBR. Sake haɗa filashin da Rufus ka zaɓi GPT, ka tashe shi ta layin da aka rubuta UEFI a gaban sunansa. Idan faifan ne MBR kuma babu abin da kake so a ciki, danna Shift da F10 a shafin ɗorawa, ka yi diskpart kamar yadda ya gabata, ka tsaya a "convert gpt".

Mataki na 6: Shigar da filin da ya rage

Juyawa zuwa GPT ba ya faɗaɗa fatishan da kansa. Haka ma idan ka kwafe ƙaramin faifai sukutum zuwa babba, za ka tarar da tsohon girman ne, sauran filin yana zaune a gefe da baƙin layi. Danna dama a kan fatishan ɗin ka zaɓi "Extend Volume".

Sharuɗɗansa biyu ne: fatishan ɗin ya kasance NTFS, wato tsarin fayil na Windows, filin kuma ya kasance manne da shi ta hannun dama. Abin da ya fi shiga tsakani shi ne ɗan ƙaramin fatishan na Recovery da Windows ke ajiyewa bayan C. Mafita mafi aminci ita ce ka bar shi inda yake, ka danna dama a kan filin ka zaɓi "New Simple Volume", ya zama D. Raba Windows da bayananka ma alheri ne. Idan lallai sai C kake so ya girma, tashi da GParted ka matsar da fatishan na Recovery zuwa ƙarshe, sannan ka faɗaɗa. Matsarwa ta fi faɗaɗawa haɗari, kada a katse ta ko da ta yi kamar ta tsaya.

Idan Windows ta ba ka shawarar mayar da faifan Dynamic don ta haɗa filayen da ba sa manne da juna, ƙi. Faifan Dynamic yana wahalar karantuwa a wasu kwamfutoci, komawa baya kuma da kayan Windows sai an goge komai.

Masu faifan 18 TB zuwa sama su lura: fatishan NTFS da aka yi da gungun sekta mai 4 KB ba ya wuce 16 TB. Idan ka kwafo shi daga ƙaramin faifai, faɗaɗawar za ta tsaya a nan. Sai dai a yi sabon fomatin da gungu mafi girma, ko a yi fatishan na biyu. Wani abin kuma, bayan kwafe faifai sukutum, idan ka haɗa tsohon da sabon tare, ɗaya kan fito "Offline" saboda lambar shaidarsu ta zama ɗaya. Idan sabon ne kake son Windows ta tashi daga kansa, kada ka danna masa Online, zare tsohon kawai.

Mataki na 7: Zaɓi tsarin fayil

NTFS ga faifan da zai zauna da Windows. exFAT ga wanda zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, domin Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa da kanta. Sai dai exFAT ba ya jure zarewa ba tare da an yi "Eject" ba. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4 GB, shi ya sa za ka ga fili jingim amma bidiyo ya ƙi shiga. Linux zalla kuwa, ext4.

Ga sabon faifai, na fi son cire alamar "Quick Format" a karon farko. Cikakken fomatin yana bin kowace sekta, yana tona asirin marasa kyau tun faifan yana cikin garanti. Faifan 4 TB kan ci sa'o'i bakwai zuwa goma, ka bar shi ya kwana yana yi.

Mataki na 8: Faifan da ya koma RAW ko "GPT Protective Partition"

RAW na nufin Windows ta kasa gane tsarin fayil ɗin fatishan. Tambayar farko: an ciro faifan daga akwatinsa na asali, ko an canja masa akwati? Wasu manyan faifan waje suna da ɗan allo a cikin akwatin da ke nuna wa kwamfuta sektoci masu bayit 4096 maimakon 512. An yi wannan dabara ne don MBR ya iya kaiwa 16 TB, Windows XP ma ta iya amfani da su. Da zarar ka ciro faifan ka haɗa shi kai tsaye, duk lambobin jadawalin sun zama ba daidai ba har ninki takwas, sai Windows ta ga shirme ta nemi ka yi fomatin. Bayananka suna nan daram. Mayar da faifan cikin akwatinsa, ko wani irinsa sak, ka kwashe komai, sannan ka ciro shi ka yi masa sabon jadawali. Wasu akwatunan ma suna sirranta bayanan da kansu, ta yadda ba za su karantu ba sai ta irin allonsu.

Idan ba a canja akwati ba, jadawalin ne ya lalace ko aka goge shi bisa kuskure. Buɗe TestDisk, zaɓi Create, zaɓi faifan, ka tabbatar girman da ta nuna cikakke ne. Ka bar mata irin jadawalin da ta gano da kanta, sannan Analyse da Quick Search. Idan fatishan ya fito, danna P ka leƙa ciki. Ka ga fayilolinka da sunayensu? To kwafe su zuwa wani faifan tukuna, daga baya ka danna Write. Idan bai fito ba, akwai Deeper Search, wadda kan ɗauki kwana ko fiye a babban faifai. Kada ka taɓa ajiye abin da ka ceto a kan faifan da kake ceto daga gare shi. Idan faifan yana da sektoci marasa kyau, fara kwafe shi dungurungum da ddrescue a Linux, ka yi aikin ceton a kan kwafin.

Mataki na 9: Ɓoyayyen yanki da daidaiton sekta

Wani lokaci har BIOS tana nuna girman da bai yi kama da ko ɗaya daga cikin adadin da muka lissafa ba, misali faifan 1 TB ya koma girman tsohon faifan da aka kwafo daga gare shi. Wannan yakan zama HPA, wato yankin da faifan da kansa yake ɓoyewa bisa umarni. Wasu manhajojin kwafe faifai da wasu tsofaffin allunan kwamfuta suna saita shi. A Linux, tare da faifan a haɗe ta SATA, rubuta sudo hdparm -N /dev/sdb. Za ka ga lambobi biyu. Idan ta farko ta gaza ta biyu kuma an rubuta "HPA is enabled", shi ne. Ana cirewa da umarnin nan ɗin, a ƙara harafin p manne da lamba ta biyu bayan -N, sannan a kashe kwamfutar gaba ɗaya a kunna. Kwafi lambar daidai, harafi da harafi.

Shi kuma daidaito ya shafi gudu ne, ba girma ba. Manyan faifai tun wajen 2010 sektocinsu na ainihi bayit 4096 ne. Windows XP tana fara fatishan a sekta ta 63, wadda ba ta faɗa kan iyakar waɗannan ba, sai rubutu ya yi nauyi. Buɗe msinfo32, shiga Components, Storage, Disks, ka raba "Partition Starting Offset" da 4096. Idan ya rabu ba saura, lafiya. Duk fatishan da aka yi da Windows Vista zuwa sama a daidai yake zuwa.

Mataki na 10: Gwada girman da gaske

Akwai faifan jabu, musamman ƙananan na waje da ake tallatawa da girman 8 TB ko 16 TB a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. A ciki ɗan katin ajiya ne aka sauya wa saiti don ya faɗi ƙarya. Disk Management zai nuna cikakken girma, fomatin mai sauri zai wuce lafiya, fayiloli za su yi kamar sun shiga, amma da zarar an wuce ainihin girman, abin da aka zuba ba ya sake buɗuwa.

Buɗe H2testw, zaɓi faifan alhali babu komai a ciki, ka bar zaɓin "all available space", ka danna "Write + Verify". Za ta cika faifan da bayanai sannan ta karanto su. A Linux da Mac, f3write da f3read suna yin wannan aikin. A babban faifai gwajin kan wuce kwana ɗaya, don haka hana kwamfutar yin barci, ka kuma sa faifan inda iska ke ratsawa. Idan ta gama da "Test finished without errors", goge fayilolin gwajin masu ƙarewa da h2w, ka sake leƙa layukan 05 da C5 a CrystalDiskInfo, in suna nan a sifili ka fara zuba bayananka. Idan ta nuna ɓarna, ɗauki hoton sakamakon, domin yana faɗin adadin da ya karantu lafiya da wanda ya lalace, ka mayar wa mai sayarwa da faifan tare da wannan hoto kafin wa'adin mayarwa ya ƙare.